Tambayoyin da aka fi yi mini kan fitar ƙarshen sati, ɗaukar hoto da koyon nutso a teku

Tun da na dawo daga Dakar da hotunan ƙarƙashin ruwa tambaya ba ta ƙare ba, a fada ne, a WhatsApp ne, har bakin masallaci bayan an sauko Juma'a sai wani ya riƙo hannuna ya ce don Allah tsaya. Mu dai 'yan tsiraru ne nan Maradi da muke fita Asabar ko Lahadi, wani da kamera wani da salula kawai, cikinmu akwai malamin lakkwal, akwai tela, akwai 'yan jami'a. Shi ne na ga gara in tara tambayoyin wuri guda in amsa, kowa ya samu.

Yaya, wai ina ne ma ake zuwa a Maradin nan? Ni ban ga abin kallo ba.

Wannan maganar tana mini ciwo wallahi, don ni ma da haka nake cewa. Fara da tafkin Madarunfa, kilomita 20 da ɗoriya ne kudu da gari, kafin shayin farko ya nuna ka isa. In ka je da asuba za ka tarar da masunta suna tura kwale-kwale, balbela da zalɓe na bakin ruwa, mata na ban ruwa a garake, ga kuma kaburburan waliyyai 99 da ake zuwa ziyara a kewayen. Tafkin da dajin da kaburburan nan tun 2006 Nijar ta sa su cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya, amma ka tambayi samari goma a fada, da wuya ka samu uku da suka taɓa taka wurin.

Sai Tibirin Gobir, nan kusa, da fadar Sarkin Gobir. Sai cikin gari kansa, ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maradi ranar hawan sallah, filin kokowa in ana gasa, kasuwar dabbobi inda jar akuyar Maradi take, wadda fatarta ta yi suna har Turai. Gulbi kuwa kala biyu ne, da damina ruwa ya cika yana ta ambaliya, da rani rairayi ne fari da lambuna a gefe, kuma duka biyun suna da hoto.

In mutum na da kwana biyu cur fa?

Damagaram. Kusan kilomita 240 ne kan babbar hanya, ka bi ta Tasawa, manyan motocin fasinja na tashi kullum. Unguwar Birni da gidajen ƙasa masu zane a bango, fadar Sarkin Damagaram, da manyan duwatsun nan na tsakiyar gari, kwana guda ba ya isa ka gama su.

Wanda ya fi ƙarfin hali kuma Gadabeji ce, can arewa da Dakoro. Gandun daji ne tun 1955, a 2017 UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren kare halittu, a 2018 kuma aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga wajen Kure aka kai can bayan shekaru masu yawa babu su a yankin. Amma wannan ba tafiyar kabu-kabu ba ce, sai mota mai ƙarfi da ta san rairayi, sai kuma an yi magana da ma'aikatan gandun daji tun kafin a tashi, su ne za su ce a zo ko a dakata, su ne kuma za su raka ku.

Maganar tsaro fa? Mama ba za ta bar ni ba.

Mama ta yi gaskiya da ta damu. Kowa ya san halin da ƙauyukan bakin iyaka ke ciki wajen Madarunfa da Gidan Runji, 'yan bindiga sun hana mutane barci shekara da shekaru. Don haka mu ƙa'idarmu ba ta canzawa: ba ma zuwa wuri sai mun kira ɗan garin a daren, ba ma shiga daji mai nisa da titi, muna juyowa gida kafin la'asar sakaliya, kowa da katin ɗan ƙasa a aljihu, kuma in aka ce yau kar ku zo to shi ke nan, mun fasa, babu gardama. Sau da yawa mun shirya tsaf mun sayi esansi aka ce a bari, muka kare da yawo cikin unguwanni. Ki nuna wa Mama wannan, ki ba ta lambar wanda zai jagoranci fitar, in ta ce a'a kuma ki haƙura har wani karo.

Kar a ɗaga kamera ko salula wajen shingen jandarmomi, barikin soja, filin jirgi ko ayarin motocin jami'an tsaro. Ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama kuwa a bar shi gida in ba a da takardar izini.

Nawa ake kashewa?

Fitar kusa karo-karo muke yi na esansi da ruwa da abin taɓawa, ba ya kai abin da mutum ke kashewa a kati cikin sati. Ruwan sha dai ya fi komai, a watan Afrilu da Mayu zafin nan yana haura 40, mutum na can yana neman hoto bai sani ba jikinsa ya bushe. Hula, kilishi ko dabino, fawa bank don rezo mai rauni yana cinye batir, da goro ko ɗan abin hannu da za a gaida mai gari.

Ba ni da kamera, salula ta isa?

Ta isa sosai. Cikin hotunan da na fi so a namu akwai na wata ƙanwarmu da ta ɗauka da ƙaramar Tecno, wani tsoho ne yana gyaran taru rana na fitowa ta bayansa. Abin da zan ce, goge gilashin kamerar da gefen riga mai laushi kafin kowane hoto, don rabin hotunan da ke fitowa dishi-dishi maiƙon hannu ne kawai. Bar jan hoto da yatsu don ya matso, kai ka matsa da ƙafarka. Kunna layukan nan da ke raba allo gida tara ka daina sa komai a tsakiya. In za ka taɓa allo, taɓa fuskar mutum, musamman in yana sanye da farar babbar riga, in ba haka ba salula za ta bi hasken rigar ta bar fuskar baƙi ƙirin. In za ka tura wa wani ta WhatsApp tura shi a matsayin fayil, hanyar da aka saba tana matse hoto ya lalace.

Wane lokaci hoto ya fi kyau?

Daga fitowar rana zuwa kamar awa guda, sai kuma bayan la'asar zuwa dab da magariba. Tsakar rana haske na saukowa daga bisa, idon mutum ya zama rami. Hazo kuwa mutane na ƙorafi da shi, ni ina son shi, yana tausasa haske ya sa itatuwa su jeru ɗaya bayan ɗaya kamar an zana, musamman gawo da ke fidda ganye lokacin da sauran suka kaɗe. Illarsa ƙura ce, mai babbar kamera kar ya kuskura ya canza gilashi a fili iska na kaɗawa, ya shiga mota ya rufe. Farkon damina kuma shamuwa ta iso, hadari ya haɗo ta gabas, gero ya fara tsiro, wannan lokacin ko barci ba na iyawa ranar fita.

Ana neman izini kafin a ɗauki mutum?

Dole. Wannan na koye shi ne da kunya. Wata rana a wani ƙauye na ga wata dattijuwa tana dama fura hasken ya faɗo mata da kyau, na ɗaga kamera na ɗauka ban ko gaishe ta ba. Ta ajiye ludayi ta ce, ɗana, da uwarka ce zaune nan haka za ka yi mata? Na durƙusa na ce Inna ki yi haƙuri na yi kuskure, na goge a gabanta. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Tun daga ranar sallama ce farko, a gaisa, a faɗi abin da za a yi da hoton, a nuna wa mutum a allo. Matan aure da yara sai da yardar masu gida. Marar lafiya, mai bara, almajiri da kwanonsa, mu ba ma ɗaukar su don a samu masu dannawa a Facebook. In muka koma garin muna wanko hoto ko biyu mu kai wa masu shi, farin cikin da ake yi da wannan takarda guda ya fi komai.

To mu zo kan nutson. Mene ne shi takamaimai, ba kurme ba ne?

Kurme da muka sani riƙe numfashi ne ka nutse ka fito. Wannan kuwa da tukunyar iska kake shiga goye a baya, kana numfashi a ƙarƙashin ruwa minti 30, 40 ko fi. Tukunyar da aka fi ba mai koyo ta lita 12 ce an matse iska a ciki har bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iska), kuma iska ce irin wadda muke shaƙa, ba oksijan zalla ba kamar yadda mutane ke zato. Akwai na'urar da ke rage ƙarfin iskar ta ba ka daidai lokacin da ka ja numfashi, Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan ne suka haɗa ta a Faransa a 1943. Sai tabaran ruwa mai rufe ido da hanci, takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, riga mai hurawa da ke daidaita ka kar ka nutse ƙasa kar ka taso sama, da darma a ƙugu don nauyi.

Abin da ba zan iya bayyana muku ba shi ne shirun. Ɗan Maradi da ya tashi cikin rairayi da ƙarar babura, ka samu kanka rataye cikin ruwa ba ka jin komai sai numfashinka, garken kifi ya zo ya rabu biyu ya wuce ka, wallahi tasbihi kawai na dinga yi a zuci.

Ban iya iyo ba, zan iya koya?

Fara da iyon. A tsarin PADI, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ke koyar da nutso, kafin a ba ka katin shaida na farko sai ka yi iyo mita 200 ba tsayawa, ko 300 da tabarau da takalman, sannan ka tsaya saman ruwa minti 10 ba ka dafa komai ba. Ba gudu ake nema ba, natsuwa ake nema. Nemi pisin ta otel, nan ko Yamai ko Kano, da wanda ya iya zai tsaya kanka, ka ba abin wata biyu ko uku. Ko ba ka taɓa zuwa teku ba wannan ba asara ba ce, duk damina sai mun ji yaro ya tafi a gulbi ko a kududdufin da aka haƙi ƙasar bulo, da yawansu da sun san yadda ake kwanciya a bayan ruwa da ba a rasa su ba. Ni da za a tambaye ni, koya wa yaranmu iyo ya fi nutson nan muhimmanci nesa ba kusa ba.

In na sayo kayan a intanet ba zan iya gwadawa a tafkin Madarunfa ba?

A'a ƙanena, don girman Allah a'a. Ruwan ba a ganin ko tafin hannu a ciki, ƙasansa laka ce da ciyawa da tsofaffin taru da za su naɗe maka ƙafa, ga tsargiya da ake ɗauka a ruwa mai kwanciya irin wannan. Kuma ko ruwan garau ne, kayan nan ba a koyon su a YouTube. A zurfin mita 10 nauyin da ke kanka ya ninka na waje sau biyu, iskar da ka shaƙa a can in ka riƙe ta ka taso za ta kumbura ninki biyu a ƙirjinka, huhu na iya yagewa, kuma hakan na faruwa ko a ruwan da bai wuce 'yan mitoci ba. Shi ya sa dokar farko da malami zai dinga nanata maka ita ce kar ka taɓa riƙe numfashi. Ga maganar cika tukunya, in injin bai da tsabta hayaƙi ya shiga ciki, mutum zai suma a ƙasan ruwa bai san me ya same shi ba.

To ina ake koyo?

Mu ba mu da teku, mafi kusa da mu ma sai an yi sama da kilomita 1000 a mota, don haka wannan ba fitar Asabar ba ce, ta lokacin hutu ce da tanadi. Ni Dakar na je, saboda kuɗinmu ɗaya ne sefa, kuma da faransanci ake koyarwa. Akwai cibiyar Océanium da ta daɗe tana wannan aiki, akwai wasu wajen Ngor. A sani ruwan Dakar yana sanyi sosai daga wajen Janairu zuwa Mayu, ya fi ɗumi lokacin daminarsu. Sai Bahar Maliya, wanda ya fi haske da yawan murjani, ta Masar akwai Hurgada da Sharm el-Sheikh da Dahab, ta Saudiyya kuma Jidda. Akwai Zanzibar ma.

Kati kala-kala ne. PADI ta Amurka ce, an kafa ta 1966. CMAS an kafa ta a Monako a 1959, ita ƙasashe masu faransanci suka fi bi. Akwai SSI. Kowanne ka samu ana karɓarsa a yawancin wurare. In aka faɗa maka farashi da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656 ne ba ya motsi, lissafin ba wuya. Ka tambaya tun farko ko kuɗin ya haɗa da hayar kaya, jirgin ruwa, littafi da katin kansa, kuma mutum nawa malami ɗaya ke riƙewa. In suka ce ba sai ka cika takardar lafiya ba, ɗauki jakarka ka fita.

Kwana nawa kwas ɗin yake?

Matakin farko kwana 3 zuwa 4. Karatu da jarrabawa, darasi 5 a pisin ko ruwa marar zurfi, sannan nutso 4 a teku, bayan nan kana da izinin mita 18 tare da abokin nutso, ba a shiga kai kaɗai. Ana koya maka fidda ruwa daga tabarau kana ƙasa, nemo bututun numfashi in ya fita daga baki, ba ɗan'uwanka iska in tashi ta ƙare, da maganar hannu. Babban yatsa sama ba yana nufin lafiya lau ba, yana nufin mu hau. Wanda yake son ɗanɗanawa kawai akwai gwaji na rabin yini, malami na riƙe da kai a ruwa marar zurfi. Ni ina ba da shawarar a fara da shi kafin a zuba kuɗi.

Kunne ba ya fashewa? Me ya fi haɗari?

Kunne zai matse tun a mita 2 ko 3, sai ka toshe hanci ka hura a hankali ka ji ya buɗe, kana yi kana sauka. In ya ƙi ka ɗan hau ka sake, kar ka tilasta. Mai mura ya haƙura da ranar. Ɗaya haɗarin iskar nitrojan ce da ke narkewa cikin jini in kana zurfi, in ka taso da gaggawa sai ta yi kumfa kamar an girgiza lemon kwalba an buɗe, ta kama gaɓoɓi ko lakar baya. Maganinta hawa sannu sannu, da tsayawa minti 3 a mita 5 kafin a fito, da duba agogon iska a kai a kai, in ta sauko bar 50 ya kamata a ce kana hanyar fita. Kifayen shak da kowa ke tambaya kuwa ba su ne abin tsoro ba, firgita da ganganci su ne.

Ina da sikila, ko asma. Ya ke nan?

Mai sikila SS bai kamata ya yi ba, ina faɗa da nauyin zuciya don na san mu da yawa ne a nan. Sanyi da wahala da bushewar jiki duk suna tada ciwon, kuma ƙasan teku ba wurin da za a kawo maka ɗauki ba ne. Mai AS ya faɗa wa likita kafin ya biya ko dala. Mai farfaɗiya ba ya yi, mace mai ciki ba ta yi. Asma, ciwon zuciya, hawan jini, ciwon suga, wanda aka taɓa yi wa aikin kunne ko huhu, duk sai likita ya duba ya sa hannu. Kar a ɓoye a takarda don kar kuɗin jirgi ya tafi a banza. Wanda aka hana yana iya kwanciya saman ruwa da tabarau da ɗan bututu ya kalli ƙasa in likita ya yarda, a Bahar Maliya ko haka ma ido na ƙoshi.

Mace za ta iya? Suturar fa? Azumi fa?

Hajiya za ki iya, a ajinmu ma wadda ta fi kowa natsuwa mace ce, iskarta ta fi ta kowa daɗewa. Rigar nutso tana rufe jiki daga wuya har idon sawu, akwai hular da ke rufe kai, sai dai tana kama jiki, don haka wasu na ɗora doguwar rigar iyo a sama, a kula dai kar ta zama mai yalwar da za ta sarƙe da kaya. Kina iya neman malama mace tun kafin ki je, wurare da dama suna da su. Azumi kuwa hukuncin na malamai ne, a tambaye su, amma ta fuskar jiki bushewa tana ƙara haɗarin kumfar nan da na faɗa, ni ba na sa kwas cikin Ramadan.

Yaushe zan fara ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa?

Ba a kwas ɗin farko ba. Sai ka iya tsayawa cak tsakiyar ruwa ba ka fafutuka da hannu, in ba haka ba hankalinka na kan allo za ka taso ba ka sani ba, ko ka taka murjanin da ya yi shekaru yana girma. In lokacin ya yi ƙaramar kamerar GoPro ta isa. Ruwa yana shanye kala, ja ne ke fara ɓacewa tun wajen mita 5, shi ya sa hotuna ke fitowa shuɗi, sai a matso kusa ƙwarai ko a haska da fitila. Komai kuma yana ƙara girma a ido da kusan kashi ɗaya cikin uku, kifin da ka rantse ya kai damtse in ka duba hoton sai ka ga bai kai ba. Ba a taɓa komai, ba a ɗauko komai. Bayan an fito a jiƙa kamerar cikin ruwan daɗi kafin a buɗe murfin, gishiri yana cin roba.

Zan iya yin nutso da safe in hau jirgi da dare?

A'a. Bayan nutso guda a jira aƙalla awa 12, in an yi da yawa ko kwanaki a jere aƙalla awa 18, mu yini da kwana muke bari cur. Ranar ƙarshen nan ita muke ba wa kamera, in Dakar ne sai a hau jirgin ruwa zuwa tsibirin Gore, a dawo a yi tsarabar gida, washegari a kama hanyar Yamai, daga can kuma motar fasinja ta kawo ka Maradi.